Yadda ake juya ma'aunai a labaran yaƙi da na kasuwa zuwa Hausa ba tare da an ɓata labarin ba

Shekaru da dama ke nan ina wannan aiki a nan Gadarif, a gabashin Sudan. In ɗauko labari da Larabci ko da Turanci, in mai da shi Hausa, in tura wa mutanenmu a zaurukan WhatsApp, wani lokaci kuma in karanta wa dattawa da yamma a ƙofar gida. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 aikin ya ninka, domin kowa yana da nasa a Hartum ko Jazira ko Sinnar, kowa kuma so yake ya san nisan abin da gidansu. Samari da yawa sun shigo aikin, Allah ya saka musu. Larabcinsu ya fi nawa, wasu ma har Turancin. Wurin da suke tuntuɓe ɗaya ne: lamba, da ma'aunin da ke biye da ita.

Ni ma na sha wannan tuntuɓen. Wata rana na ci karo da labarin wani bam da aka ce 2,000 ne na abin da Turawa ke kira fam, sai na rubuta "bam na fam dubu biyu". Wani dattijo da ya yi zamani da kuɗin fam ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, ashe bam ya fi buhun dawa araha?" Aka bushe da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Nauyi ake nufi, abin da iyayenmu ke ce wa laba, ba kuɗi ba. Daga ranar na buɗe littafi na musamman don ma'aunai, kuma abin da ke cikinsa ne zan zazzage maka.

Kayan aiki

Littafin rubutu ƙarami da biro. Kada ka raina su. Wuta tana ɗaukewa, intanet tana yankewa kwana da kwanaki, waya tana mutuwa, littafi yana nan.

Na'urar lissafi, ko ta cikin waya. In babu, akwai dabarun lissafin ka a mataki na huɗu.

Taswirar Sudan mai ma'aunin nisa a gefenta, ko hotonta a waya.

Asalin labarin, ba wanda wani ya riga ya fassara ba. In har Larabcin da ke hannunka daga Turanci aka juyo shi, nemi Turancin.

Mutum ɗaya na kasuwa da za ka iya kira, dillalin hatsi ko mai awon riɗi. Ya fi kowace manhaja sanin buhu da kantar, awon nauyi na kasuwarmu.

Sai waɗannan lambobi, ka rubuta su a shafin farko da hannunka:

Mil ɗaya na tudu, kilomita 1.609. Mil ɗaya na ruwa, kilomita 1.852. Ƙafa ɗaya, santimita 30.48. Inci, santimita 2.54. Yadi, santimita 91.44. Laba, giram 454. Galan na Amurka, lita 3.785, na Ingila kuwa lita 4.546. Gangar ɗanyen mai, lita 159. Eka, murabba'in mita 4,047. Faddan, awon gona na nan Sudan, murabba'in mita 4,200. Hekta, murabba'in mita 10,000. Murabba'in mil, murabba'in kilomita 2.59.

1. Karanta labarin duka, ka ja layi ƙarƙashin kowace lamba

Kada ka fara fassara tukuna. Bi labarin daga sama har ƙasa, duk inda lamba ta fito ka ja mata layi tare da kalmar da ke gabanta da wadda ke bayanta. A nan ne za ka kama kurakuran ido. Biyar na Larabci, ٥, kama take da sifilin boko. Shida, ٦, kama take da bakwai. Sifili kuwa ɗigo ne kawai, in hoton takardar bai fita sosai ba sai ya ɓace, dubu goma ta koma dubu ɗaya. Mu da muka yi makaranta a nan mun san wannan, amma gajiya da sauri ba su san wanda ya yi makaranta ba.

Ka lura da waƙafi ma. Labarin da ya fito daga Chadi da Faransanci, in ya rubuta 1,5 ɗaya da rabi yake nufi. Bature mai Turancin Ingila in ya rubuta 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne.

2. Tambayi kanka: wannan lamba daga bakin wa ta fito?

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa. Kalma ɗaya tana da nauyi daban-daban gwargwadon mai faɗinta.

Duniya ta kasu gida biyu a kan awo. Akwai tsarin mita da kilo da lita, wanda ya taso daga Faransa a ƙarshen ƙarni na 18, shi ne na hukuma a yawancin ƙasashe. Akwai kuma tsohon tsarin Ingila na mil da ƙafa da laba da galan, wanda Amurka ke riƙe da shi har gobe, Ingila ma allunan titunanta da mil suke. Saboda haka kamfanin dillancin labarai na Amurka yakan fara da mil sannan ya sa kilomita a baka biyu, na Turai kuwa yakan fara da kilomita. In ka samu duka biyun a rubuce, ka huta, ɗauki kilomita ka wuce.

Soja kuwa nasu ya fi haka rikici, ko a cikin rundunar ƙasa ɗaya. Sojan ƙasa na Amurka da mita da kilomita yake aiki a fagen daga, taswirarsa ma a kan mita aka zana ta, domin ya yi daidai da sauran ƙasashen ƙungiyar NATO. In ka ji ya ce "kilik" biyar, kilomita biyar ke nan. Sojan ruwa da mil na ruwa yake auna nisa. Matuƙin jirgin sama yana auna tsayi da ƙafa, nisa da mil na ruwa. Sannan kakakin ma'aikatar tsaro, in ya zo gaban 'yan jarida, yana iya mai da komai mil na tudu don mutanen ƙasarsa su gane. To ka ga "mil" a labarin soja ba ya isa, sai ka san na wa ne.

Ga yadda nake ganewa. In maganar jirgin ruwa ce, ko iyakar ruwa, ko Bahar Maliya da mashigin Babul Mandab, na fi zaton mil na ruwa ne, sai in nemi alamar nm ko kalmar "bahri" a Larabci. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na ruwa daga gaɓarta a matsayin yankinta, da mil 200 na cin arzikin teku. Wato kilomita 22 da kilomita 370. In ka lissafa su da mil na tudu za ka samu 19 da 322, ka yanke wa ƙasa ruwanta da bironka.

Gudun jirgin ruwa kuma da abin da Larabawa ke kira uƙda ake faɗinsa, wato ƙulli. Uƙda ɗaya tana nufin mil ɗaya na ruwa a awa guda. "A awa" ɗin yana cikinta, kada ka ƙara. Kada kuma ka rubuta "ƙulli 20", ba wanda zai gane. Ka ce kilomita 37 a awa.

Sai kalmar da ta fi cin mutanenmu: kilo. A bakinmu da bakin maƙwabtanmu Larabawa, kilo na nama kilo ne, kilo na hanya ma kilo ne. In mai magana ya ce makamin "kilo ashirin" ne, nauyinsa yake faɗi ko nisan da yake kaiwa? A rubuce kada ka taɓa barin kilo tsirara a labarin makamai. Ko kilomita, ko kilogiram.

3. Ware lambobin da awo ne da waɗanda suna ne

Ba kowace lamba ake juyawa ba. Wasu sun zama sunan abu, in ka taɓa su ka ɓata.

Lambar da ke jikin bindiga ko igwa faɗin bakinta ce daga ciki, ba tsawonta ba, ba kuma nisan harbinta ba. Kalashinkof 7.62 ce, wato milimita 7.62. In ka ga 7.62×39, lamba ta biyu tsawon kwankon harsashi ce. Doshka, babbar bindigar da ake ɗorawa a bayan mota, 12.7 ce. Igwar 122 da ta 155, da hawun 82 da 120, duk milimita ne. Kalmar hawun ma a Larabci turmi take nufi, in ka dubi siffar abin za ka ga dalili. Duk waɗannan a bar kaza cikin gashinta: "igwa mai bakin milimita 155". Na taɓa ganin wani yaro ya mai da ita "igwa mai santimita goma sha biyar da rabi". Lissafinsa daidai ne, amma babu sojan da zai gane ta, mai karatu kuma zai ɗauka abar wasan yara ce.

Tarkon da ke nan shi ne bindigogin Amurka masu suna da inci. In ka ga .50, da ɗigo a gaba, rabin inci ne, wato milimita 12.7, faɗi ɗaya da Doshka ko da yake harsashinsu ba ya shiga na juna. Wanda bai lura da ɗigon ba zai rubuta milimita 50, ya mai da bindiga igwa.

Bama-baman jirgin sama na Amurka da laba ake kiransu: mai 500, mai 1,000, mai 2,000. Wannan rabi suna ne rabi awo, don haka nakan rubuta nauyin da kilogiram: kimanin 230, 450, da 900. Ka kuma sani nauyin bam ɗin ne gaba ɗaya har da ƙarfen jikinsa. Abin fashewar da ke cikin mai laba 2,000 bai kai rabin wannan nauyi ba. Kada ka rubuta "kilogiram 900 na abin fashewa".

A wajen soja ma akwai irinsu. Kwantena mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40 haka ake kiransu a tashar Bur Sudan da ko'ina a duniya. Bututu mai inci huɗu, talabijin mai inci 32, haka za su zauna. Sai kirarin da aka daɗe ana yi wa Sudan, ƙasar murabba'in mil miliyan. Kirari ne, ba a yi masa lissafi. In kana son ka yi bayani, ka ce kafin ɓallewar Kudu a 2011 faɗin ƙasar ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan biyu da rabi, yanzu kuwa bai cika miliyan 1.9 ba.

4. Yi lissafin

In da na'ura, ka ninka da lambobin shafin farko. In babu, ga yadda nake yi da ka. Duk dabarar a kan rabi da ushiri take, wato kashi ɗaya cikin goma, abin da duk manomin da ya taɓa fid da zakka ya iya.

Mil na tudu zuwa kilomita: lambar, a ƙara rabinta, a ƙara ushirinta. Mil 50: 50 da 25 da 5, kilomita 80.

Mil na ruwa ko uƙda: ninka biyu, ka ɗebe ushiri ɗaya da rabi na asalin lambar. Mil 40: 80, a ɗebe 6, saura 74.

Ƙafa zuwa mita: sau uku, ka yar da sifili ɗaya. Jirgin da ke tafiya a ƙafa 35,000: 105,000, a yar da sifili, mita 10,500. Na'ura za ta ba ka 10,668, amma "sama da kilomita goma" ya wadatar. In ka ga an rubuta FL350, ƙafa 35,000 ɗin ce aka yanke wa sifili biyu.

Laba zuwa kilogiram: raba biyu, ka ɗebe ushirin abin da ya fito. Laba 500: 250, a ɗebe 25, saura 225.

Zafi daga ma'aunin Faranhait na Amurka zuwa Salshiyas: ɗebe 32, raba biyu, ka ƙara ushirin abin da ya fito. Digiri 104: saura 72, rabi 36, a ƙara uku da ɗoriya, kusan 40. Akwai masu cewa a ɗebe 30 a raba biyu kawai. Wannan yana yi a ƙasashen sanyi, amma a irin zafinmu yana rage digiri uku ko fiye. Gargaɗi a nan: in labarin ƙaruwar zafi yake faɗi, misali zafi ya ƙaru da digiri 9 na Faranhait, ba a ɗebe 32. Ƙarin 9 a can ƙarin 5 ne a nan.

Murabba'i kuma a yi hattara. Murabba'in mil goma ba murabba'in kilomita 16 ba ne, 26 ne, domin tsawo da faɗi duka sun ƙaru.

Akwai wata alama da na daɗe kafin in gano ta. In ka ga jaridar Amurka ta ce mil 62, ko 31, ko 6.2, ko 124, kusan kullum asalin maganar kilomita 100 ce, ko 50, ko 10, ko 200. Wani ya faɗa da kilomita a nan, aka juya musu can, kai kuma kana shirin juyowa. Kada ka rubuta kilomita 99.8, mai da ita gidanta, 100. Haka in Larabci ya ce kilogiram 907 ko 227, ka san laba 2,000 da 500 ne. Lokacin aikin Hajjin 2024 hukumar yanayi ta Saudiyya ta auna digiri 51.8 a Harami na Makka, jaridun Amurka suka rubuta 125. Wanda ya juyo daga 125 da ka zai samu 51 da ɗoriya, wanda ya nemi asali zai samu lambar da aka auna.

5. Ma'aunanmu na gida

A nan ne manhajar waya take barinka a hanya, a nan ne kuma labaran da suka fi taɓa tukunyar mutane suke.

Faddan ya ɗan ɗara eka kaɗan, har a maganar baka ana iya ɗaukarsu ɗaya. Hekta kuwa faddan biyu ce da sulusi da ɗoriya, 2.38. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da hekta yake zuwa, manominmu da faddan yake tunani. In mutanen nan kake rubuta wa, mai da hekta faddan. In har da 'yan'uwa na Kano da Damagaram a zauren, sa duka biyun sau ɗaya a farkon labari. Gandun Jazira, wanda ya fara aiki da madatsar Sinnar a 1925, ya haura faddan miliyan biyu, wato wajen hekta dubu ɗari tara. Kalmar kadada nakan guje mata, domin na ji masu nufin eka da ita, na ji masu nufin hekta. Dunum kuma, da ke fitowa a labaran Falasɗinu da Jodan, murabba'in mita 1,000 ne, amma na Iraƙi 2,500 ne.

Kantar ratal ɗari ne, kimanin kilogiram 45. Da shi ake sayar da riɗi a kasuwar amfanin gona ta nan Gadarif, da shi ake sayar da ƙaro. Tan ɗaya kantar 22 ne da 'yan kai. Amma kantar na auduga mai ƙwaya daban yake, ratal 315 ne, ya ninka na riɗi fiye da sau uku. In labarin auduga ne, tsaya ka tambaya wane kantar.

Ratal namu giram 449 ne, laba giram 454, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa masu fassara zuwa Larabci suke kiran laba ratal, mu ma wannan sauƙi ne gare mu. Duk matar da ke sayen madara da ratal, ko jarkar mai mai ratal 36, ta san nauyin. Bam ɗin da ya ba ni kunya, da na ce nauyinsa kantar ashirin ne, ko buhun dawa goma, da dattijon nan bai yi dariya ba.

Ardab ba nauyi ba ne, awon cika ne kamar mudu da tiya. A littafi lita 198 ne, kela goma sha biyu. A kasuwa ardab na dawa buhu biyu ne. Tun da cika ne, nauyinsa yana sauyawa da irin hatsin, ardab na gero da na dawa da na alkama ba za su hau sikeli daidai ba. Haka malwa, ƙaramin awon hatsi, wadda ta dawa takan kai kilogiram uku ko fiye kaɗan. Kada ka mai da ardab tan da ƙarfin hali. Kira mutuminka na kasuwa, matambayi ba ya ɓata. In bai ɗauka ba, bar shi ardab, ka ƙara "wato buhu biyu".

Galan da muke sayen fetur da shi na Ingila ne, gadon zamanin mulkinsu, ana lissafa shi lita huɗu da rabi. Na Amurka bai kai lita huɗu ba. Duk mai son kwatanta farashin mai a nan da can, ya mai da su lita tukuna. Gangar ɗanyen mai ta kasuwar duniya lita 159 ce, ba gangar da mai amalanken jaki ke kawo mana ruwa da ita ba, wadda takan ci lita 200 ko fiye. Larabci duka barmil yake ce musu, Hausa duka ganga.

Tan iri uku ne: na mita kilogiram 1,000, gajere na Amurka 907, dogo na Ingila 1,016. A labaran agajin abinci na mita ake nufi.

Zinare kuma, tun da samarinmu da yawa suna wuraren haƙa, ya cancanci layi nasa. Farashin duniya da oza ake faɗinsa, amma ozar zinare giram 31.1 ce, ba 28.35 ta sauran kaya ba. Raba farashin oza da 31.1, ka samu na giram ɗaya na zinare tsantsa mai lamba 24. In mai lamba 21 kake nema, ɗauki kashi bakwai cikin takwas na wannan.

6. Aske lambar

Na'ura ba ta da kunya, za ta ba ka 160.9344. Mai maganar kuwa cewa ya yi "kimanin mil ɗari". Shi bai auna da igiya ba, kai ma kada ka yi kamar ka auna: kimanin kilomita 160. Ƙa'idata ita ce lambar da na fitar kada ta fi wadda na samu yawan haƙora. Inda ba na askewa shi ne inda ɗan bambanci yake da ma'ana, kamar tsayin ruwan Nilu lokacin ambaliya, wanda santimita kaɗan ke raba kwana a gida da kwana a kan titi.

Kalmomin "kimanin", "kusan", "fiye da", "har zuwa" su ma ka ɗauko su tare da lambar. "Har zuwa kilomita 20" iyaka ce, ba kullum ba.

7. Ba lambar jiki

Iyayenmu da kamu da taƙi da gaba suke awo, tafiya kuma da zango. Ba jahilci ba ne, awo ne da jiki ya sani. Kilomita 190 ba ta nuna wa tsohuwa komai, amma "kamar daga Hartum zuwa Wad Madani" ta gane nan take. Ka tara irin waɗannan a littafinka daga hanyoyin da mutanenka suka taka: Sinnar zuwa Mai Wurno wajen kilomita 15, Bur Sudan zuwa Jidda ta ruwa kusan 300. Filin ƙwallo babba faddan ɗaya ne da kashi bakwai cikin goma. Tan ɗaya buhu ashirin ne na masu kilo hamsin.

Kwatance ɗaya ya isa a labari, in ya yi yawa ya zama tatsuniya. Sannan ga gargaɗin da nake so ka riƙe da hannu biyu. Nisan mota daban, nisan makami daban. Hanya tana lanƙwasa, roka ba ta bin kwalta. In za ka kwatanta nisan harbi, auna a taswira kai tsaye. Kuma ko ka auna, kada ka rubuta wa mutane cewa garinsu ya fi ƙarfin makami kaza. Rokar Girad ta asali wajen kilomita 20 take kaiwa, amma akwai irin da suka fi haka nisa, motar da ke ɗauke da ita tana matsawa cikin dare, jirage marasa matuƙa kuma sun kai har Bur Sudan a watan Mayun 2025. Aikinka ka faɗi lambar daidai. Shawarar zama ko tashi ba daga lissafinka za ta fito ba.

8. Miliyan da agogo

Waɗannan ba mita ba ne ba mil ba, amma rami ɗaya ake faɗawa. Milyar na Larabci shi ne biliyan, miliyan dubu. Madatsar Habasha an gina ta ta riƙe mita kubik biliyan 74, rabon Sudan a yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959 biliyan 18.5 ne a shekara, na Masar 55.5. Wannan a takarda ke nan. A baki kuwa, tun da aka sauya kuɗi a 2007, jine (fam ɗin Sudan) ɗaya sabo ya maye gurbin tsoho dubu, mutane ba su saki tsohon lissafi ba. Ɗan kasuwa zai ce miliyan yana nufin jine dubu, ya ce milyar yana nufin miliyan. In maganar daga bakin mutum aka naɗo ta, tambayi kanka da tsoho yake lissafi ko da sabo. In daga sanarwar banki ce, sabo ne.

Agogon soja awa 24 ne, 0600 shida na safe, 1800 shida na yamma. In da harafin Z a ƙarshe, agogon GMT ne. Sudan tana gabansa da awa biyu tun Nuwamban 2017, Saudiyya da uku, Najeriya da Nijar da ɗaya. Rubuta "agogon Sudan" a fili, domin zauren naka akwai na Jidda a ciki.

9. Koma baya, sannan ka karanta da ƙarfi

Kowace lamba da ka juya, juya ta baya ka ga ko ta koma inda ta fito. Sannan ka auna ta da hankali: kilomita kullum ta fi mil yawa a lamba, kilogiram kullum bai kai laba yawa ba, mita ba ta kai ƙafa yawa ba. In ka ga akasin haka, ka raba inda ya kamata ka ninka. Jirgin fasinja ba ya tashi kilomita 35,000 sama, jirgin dakon kaya ba ya gudun kilomita 200 a awa a kan ruwa.

Ga gwaji, na ƙirƙiro shi don koyo. An ce jirgi ɗauke da tan 30,000 na alkama yana mil 40 daga Bur Sudan, yana gudun uƙda 12. Jirgin ruwa ne, saboda haka mil na ruwa ne: kilomita 74. Gudunsa 24 a ɗebe kusan 2, kilomita 22 a awa. In kana son lokacin isowarsa ba sai ka juya komai ba, raba 40 da 12, awa uku da minti ashirin. Alkamar kuwa, tan ɗaya buhu ashirin, buhu 600,000 ke nan. Abin da zan tura shi ne: "Wani jirgin ruwa ɗauke da tan dubu talatin na alkama, kimanin buhu dubu ɗari shida masu kilo hamsin, yana nisan kilomita 74 daga Bur Sudan, ana sa ran isowarsa nan da awa uku zuwa huɗu." Gudun jirgin na bar shi, ba wanda ya tambaya.

Kafin ka danna turawa, karanta wa wani babba a gida da murya. In ya tsayar da kai ya ce, "Nawa ka ce?", koma kan wannan layin. In kuma bayan ka tura ka gano kuskure, kada ka goge a ɓoye, domin an riga an watsa shi zaure goma. Tura gyara a ƙarƙashinsa, ka rubuta tsohuwar lambar da sabuwar, sannan ka shigar da ita littafinka a shafin kurakurai, da kwanan wata.